Ranar da Muka Sassare Katangar Magajin Gari

Ku da kuke sauke bulo daga mota, ku ja igiya, ku jera, kafin la'asar kun wanke hannu kun hau babur, ku ne kuke ce wa ginin ƙasa wasan yara. Shekaranjiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa ai ƙanwarsa ma tana gina ɗaki da laka a bakin rijiya. Ban tanka masa ba, don ina cin goro, kuma bakina ba ya aiki biyu. Yau na gama. Ku matso, ni Arzika magini in gaya muku yadda wannan wasan yaran ya kai dattijo kaso a nan Ƙonni.

Aikina na farko a wurin Baba Nomau, Sarkin Magina, ba gini ba ne, taka ƙasa ne. Abokin mahaifina ne, shi ya sa bai raga mini ko kaɗan ba. Muna haƙo jar ƙasa a kududdufin bayan gari, jakuna su kwaso a mangala, a zube ta tsibi, a buɗe tsakiyarta a kwara ruwa. Sai a watsa ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka daddatse, a haɗa da kashin jaki, ka naɗe wando ka shiga. Ka yi ta taka har cinyoyinka su daina jin naka ne. Bayan nan a rufe ta a bari ta ruɓa, a dawo a juya, a sake bari. Baba Nomau ba ya tambayar kowa ko ta yi. Tsugunawa yake yi ya ɗebo a tafin hannu ya kai hanci. In ya yamutsa fuska, ta yi, don ƙasar da ba ta wari ba ta tsaya wa damina. In ya yi shiru ya goge hannunsa a rigarka, to koma ciki.

Daga nan ka koyi tubali. Ba irin naku mai kusurwa da ake zubawa a akwati ba. Namu da hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa, kai a tsuke, kamar ƙatuwar albasa. Wahalar ba a yin sa take ba, a jifa take. Magini yana zaune bisa bango, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kai kana ƙasa kana cilla masa. Ba ya kallonka, hannu kawai yake miƙowa, kuma dole tubalin ya iske hannun daidai lokacin da ya gama tashi bai fara faɗowa ba. In ka cika ƙarfi ya buge masa yatsu, in ka rage ya dawo maka. Baba Nomau ba ya zagi. Janye hannu yake yi, ya bar tubalin ya sauko ya nemi ƙafarka. Farcen babban yatsana na hagu har yau bai koma daidai ba, ga shi nan in akwai mai son gani.

Kayan aikin ba su cika kwando ba. Gatari, magirbi, igiya, ƙwarya, wani dutse mai santsi na goge yaɓe, sai tsohon cokali na zanen ado. Sauran duk a jikinka suke. Faɗin ɗaki da ƙafa ake auna shi, tsayi da kamu, miƙewar bango kuwa ido ne, kuma ido ba a sayar da shi a kanti.

Akwai wani rumbu da muka yi wa wani manomi a Alela, shi nake tunawa duk lokacin da aka ce aikinmu ba wuya. Rumbu ba tubali, ba azara. Ƙasa ce kawai kake ɗorawa zobe bisa zobe, kaurinta bai wuce tafin hannu ba, cikin ya buɗe kamar tulu sannan ya tsuke a sama. A yini ba ka ɗora fiye da abin da na ƙasa zai iya ɗauka, in ka yi haɗama ya zauna da kai a ciki. Mai rumbun kullum yana tsaye a kanmu yana cewa geronsa na zube a gona awaki suna biki. Matarsa kuwa duk ta kawo fura sai ta tambaya ko tururuwa muke yi wa gini. Baba Nomau ya sha furarsa, ya yi godiya, ya sauko a lokacin da ya saba saukowa. Na bi ta garin bayan mutumin ya rasu, na iske jikokinsa suna zuba gero a ciki.

Haka masu gida suke, ko'ina. Wanda ya fi kowa gaggawa da rani shi ne yake fara buga maka ƙofa da ruwan farko, wai soro na ɗiga. Ka hau ka iske ya bar indararo ya toshe da ganye da tsummokara, ruwa ya kwanta ya nemi hanya. Ka share, ka toshe tsagar, ka sauko, ya ce maka ai tun farko ginin ne ba kyau.

Sai babban fari ya zo. Ku kun ji shi a bakin kakanninku ta wajen yunwa da mutuwar shanu. Mu ta wajen ƙasa ya fara kama mu. Kududdufi ya bushe ya tsattsage. Ruwan sha ma sai an yi kokawa a bakin rijiya, wa zai bar ka ka kwara wa ƙasa? Ramno babu, don dabbobi sun cinye har jinkar ɗaki. Kuma wanda ba shi da gero ba ya neman rumbu. Magina suka watse, wasu Sakkwato, wasu Malbaza ɗaukar buhu a inda ake yin siminti. Taubashina Idi yana cikinsu. Ya tafi da gatari, ya dawo da cokalin ƙarfe, da wani katako mai ƙwayar ruwa a ciki da yake ɗorawa bisa bango, da baki wanda ya fi na da. Muka sa masa Idi Bulo, ya kuwa karɓa da murna. In mun haɗu sai ya toshe hanci ya ce, "Ƙaƙa, masu kashin jaki?" Ni kuma in tambaye shi ko har yanzu a tsakar gida yake kwana, don ɗakin kwanon da ya gina wa kansa ba ya shiguwa da bazara.

Abin da ya riƙe ragowarmu Baba Nomau ne. Muddin yana fitowa da safe da rawaninsa yana raba aiki, ko da yaɓen makewayi ne, to akwai magina a Ƙonni. Kowa ya san ranar da ya ajiye rawanin nan, ranar kowa zai kama gabansa.

Ruwa ya dawo, an yi kaka mai kyau, mutane sun fara ɗaga kai, sai aka ce an ba garin magajin gari. Mun san sarki, mun san kwamanda, amma wannan baƙon abu ne a wurinmu. Aka ce shi zai riƙe kasuwa da hanyoyi da rijiyoyi da shara. Aka ce mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, ɗan talakawa daga wajen Tajaye. Ya zo aka nuna shi a filin buro, wato ofishin gwamnati, dogo siriri mai tabarau, ya yi gajeren jawabi, ya koma garin Tawa don ya miƙa makarantarsa ya ɗauko iyali. Aka ce zai yi kwanaki. Jawabin nan kuwa kowa da abin da ya tsinta a ciki.

Mata suka tsinci pompo, wato famfon ruwa. Inna Kulu mai waina, wadda rumfarta ke bakin tasha, kuma labari ba ya shiga gari sai ya tsaya ya gaishe ta, ta ce ita ta riga ta yi wa guganta sallama. 'Yan kasuwa suka tsinci haraji. Mahauta suka ce za a raba su da ƙudajensu. Samari suna maganar filin ƙwallo da fitilun hanya. Tsofaffin ƙofar masallaci suka ce yaron da ya saba riƙe bulala a lakwal, gari zai mayar aji. Amma gaskiya galibin mutane murna suke yi. An gaji da binne dabbobi da bin motar taimako, ana son ganin wani abu sabo ko da ba a san kansa ba. Makaɗa har sun ɗaura masa kiɗa tun ba su riƙe sunansa ba.

Mu abin da ya shafe mu hanya ce. Magajin gari ya ce za a miƙe babbar hanya, a yi wa ruwan sama magudana. Kafin maganar ta zagaya kasuwa ta fito ta rumfar Inna Kulu, ta zama za a rushe duk ginin ƙasa da ke kallon hanya, kuma daga yau ba mai gini a cikin gari sai da bulo. Idi ya fara tafiya yana kaɗa makullai. Waɗanda suka yi mana maganar soro suka aiko cewa mu dakata tukuna. Tsoro ya kama ni sosai. Ina da mata da 'ya'ya, kuma hannuna bai san komai ba sai ƙasa.

To, akwai al'ada. In an yi sabon mai mulki a gari, kowace sana'a tana kai gaisuwarta. Mahauta su kai tozo, maƙera su kai wuƙa da gatari, masaƙa su kai gwado. Mu magina ba mu da abin da za mu ɗora a ka mu kai, saboda haka gaisuwarmu yaɓe ce. Kafin mutum ya tare, mu je mu yaɓe masa katangar gaba, mu yi mata ado, ya shigo ya iske gida sabo. Ba a biya, kuma ba a tambaya. Tambayar ma raini ce, kamar ka tambayi baƙo ko a kawo masa ruwa.

Baba Nomau ya tara mu a zaurensa. Idi ma ya zo, don duk bulonsa bai daina zuwa cin goron Baba ba.

"Mahauta sun kai tasu, maƙera sun kai tasu," in ji Baba. "Mu ɗai munka rage. In munka yi shiru, cewa za a yi magina sun yi hushi, ko ko sun mutu. Mu tahi mu yi mai yaɓen da bai taɓa gani ba. In ya so shi rushe muna sana'a, shi rushe ta idonai buɗe."

Idi ya ce, "Baba, gidan ga na gwamnati na. Siminti na, an shahe shi da hwarar ƙasa. Laka ba ta kama siminti."

"Bangon da ba a sassare ba shi na ba ta kamawa. Tun kana ɗaukar ƙwarya ka san hakanan."

"Baba, wagga ba irin waccan ba ta."

"Katanga katanga ta. Tashi ka ba mu wuri, warin siminti kaka yi."

Muka yi dariya. Idi ya ɗauki goronsa ya fita yana kaɗa kai.

Kwaɓin da muka yi wa katangar nan ban yi irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Jar ƙasa daga can ƙasan kududdufi, an tankaɗe ta kamar garin tuwo. Sai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, wanda ke sa yaɓe ya yi duhu ya yi ƙyalli, ruwan sama ya zame a kansa. Bayan fari ɗorawa ta yi wuya, sai da muka bi ƙauyuka gida gida muna roƙo. Baba ya fito da katsin marina, tokar da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, wanda yake ɓoyo don gyaran soron kansa, ya juye duka. Muka taka, muka bari ta ruɓa, muka juya. Ranar da ya kai ta hanci ya yamutsa fuska har idonsa ya rufe.

Gidan da aka ba magajin gari tsohon gidan wani Bature malamin gona ne, a gefen buro, da doguwar katanga fara tas tana kallon hanya. Da hantsi muka isa da jakuna muka zube kwaɓin a filin buro. Mai gadin gidan tsoho ne mutumin Alela, ya san al'ada, ya tashi ya yi mana barka da zuwa, har ya nuna mana inda za mu ɗebi ruwa.

Duk wanda ya taɓa yaɓe ya san ba a ɗora sabuwar ƙasa bisa santsi. Sai ka sassare bango da gatari, ka yi masa ƙananan ramuka, ka jiƙa, sannan ƙasa ta sami abin cizo. Hannunmu ya san haka tun kafin kanmu ya fara tunani. Muka jeru a gindin katangar gwamnati, kowa da gatarinsa, muka yi bismillah, muka hau sara. Siminti ba ƙasa ba ne. Ƙara yake yi, tartsatsi na tashi, ɓaraguzai na zubowa fari-fari. Baba yana biye da mu daga gefen gabas, yana ɗora yaɓe, yana gogewa da dutse, yana zanen ado da cokalinsa.

Ban san lokacin da hanya ta cika ba. Na ɗago kai in share gumi, sai na ga mutane har bakin tasha. Ashe wani ya ruga kasuwa ya ce magina sun riga magajin gari, suna rushe gidansa kafin ya rushe nasu. Wasu sun riƙe baki. Wasu kuma, masu tsoron haraji da waɗanda gidajensu ke bakin hanya, suka fara ihu, "Ku ƙara mai! Ku kai ta ƙasa!" Wata mata ta rangaɗa guɗa. Mu kuwa mun ɗauka aikin ake yabo, har Baba ya ɗaga wa mai guɗar hannu. Sai ga Inna Kulu ta keto taron da tsinken juya waina a hannu.

"Arzika, haukacewa kunka yi? Mutumin da za shi kawo muna pompo? Ku bari mu ga ruwan tukuna mana!"

Kafin in gane abin da take nufi, Saje, babban masu kaki na garin, ya iso da mutanensa. A wancan zamanin kaki ba abin wasa ba ne. Ya dubi katangar, rabi ja mai ado, rabi duk ramuka, ya dubi gaturan da ke hannunmu.

"Wa yas sa ku?"

Baba ya sauko daga tsani a hankali, ya wanke hannu a ƙwarya. "Ni na. Gaisuwa munka kawo."

"Da gatari aka gaisuwa?"

"Da shi aka hwarawa."

Wani ya fashe da dariya a cikin taro, abin da ya ƙarasa ɓata lamarin ke nan. Saje ba mugu ba ne, mu muka gina wa mahaifiyarsa ɗaki. Amma ga dukiyar gwamnati a sassare, ga taro na ihu, ga mai gida ba ya gari. Ya ce a tattara mu duka. Baba ya ce shi ya ce a sara, saboda haka shi kaɗai za a tafi da shi. Na roƙi Saje ya bar mu mu ƙarasa, ko kuwa mu rufe kwaɓin da tabarmi kada ya bushe. Ya yarda da ta biyun.

Aka tafi da Baba Nomau a ƙasa, ta tsakiyar kasuwa, da laka a gefen rigarsa. A ƙofar kaso aka ce ya kwance rawani, ba a shiga da shi. Da hannunsa ya warware ya miƙo mini. Na karɓa, na rasa inda zan sa idona. Kunya da baƙin ciki suka cika ni.

Washegari na kai masa fura. Yana zaune a tabarma da 'yar hula, bai taɓa tuwon jiya ba.

"Baba, an ce yau shika zakkuwa. Ka yi haƙuri har shi iso."

"Arzika, ka kai ma sarki rawanin ga, ka ce na gode. Ni da ƙasa mun rabu."

"Haba, Baba."

"Rabin garin ga ni nag gina shi. Garin ya tsaya yana kallo anka wuce da ni awa ɓarawon akuya. Ku tahi Malbaza, Idi shi nuna muku hanya."

Ban kai rawanin ko'ina ba. Na naɗe shi na sa a jaka na rataya, na koma gindin katanga na zauna tare da sauran magina, muna yayyafa wa kwaɓin ruwa.

Bayan azahar magajin gari ya iso, kuma ku ji yadda ya iso. Motar da ta ɗauko shi ta lalace a Malbaza, sai ya roƙi direban motar siminti. Ga shi a gaba da matarsa da yara, ga gadonsu da tukwanensu bisa buhuna. Gari duka ya gani. Inna Kulu ta taɓa ni ta ce, "Shi ke nan, Arzika, ka ga dokinai."

Ya sauko duk ƙura, makaɗa suka ɗauka, mata na guɗa, yaran lakwal na tafi. Da ya doshi katangar sai kiɗan ya mutu da kansa. Ya bi rabin da muka sassare da ido, ya zo rabin da Baba ya yaɓe, ya cire tabarau, ya shafa adon da tafin hannu. Daga ƙasa wani wuri ya riga ya ɗaga ya rabu da simintin. Idi ya yi gaskiya, ko da sara laka ba ta kama shi ba. Saje ya ƙame ya zuba bayani da Faransanci. Magajin gari ya saurara, sannan ya juyo wajenmu.

"Wa ab babba cikinku?"

Aka turo ni gaba. Na ce, "Ranka shi daɗe, yaɓen maraba na. Wallahi ba ɓarna munka nuhwa ba."

"Na sani. Da anka naɗa maigarinmu, ina cikin masu ɗebo ma magina ruwa. Amma waccan katangar maigari ta. Wagga ba tawa ba ta, aro anka ba ni. In na bar ta hakanan, gobe a Tawa cewa za a yi na ci amanar gida tun ban kwana ciki ba. A maida ta yadda take. Wa ya iya siminti?"

Idi ya fito. In faɗi gaskiya, bai yi fankama ba, kansa a sunkuye yake.

"Kai za ka ja aikin, su su yi maka lebura."

Taro ya yi dariya. Na haɗiye ta da ɗaci, don na san Idi ba zai bar ni in manta ba har kabari. Amma na ga in ban yi tambayata yanzu ba, ba zan ƙara samun wuri ba.

"Ranka shi daɗe, an ce za ka hana ginin ƙasa."

"Wa yac ce?"

Kowa ya waiga wajen Inna Kulu. Ita ma ta waiga bayanta.

Ya ce, "Hanya za a miƙe, wannan gaskiya na. Katangu da yawa za su ja baya, masu su za su zage ni, na sani. To in sun ja baya, wa za shi tashe su? Talakan da bai gama murmurewa daga hwari ba, ina shi ina buhun siminti? Ni tunanina duka ko maginan da sunka rage sun isa. Ina Sarkin Magina?"

Saje ya gaya masa. Na ga fuskar magajin gari ta canza. Bai shiga gidan ba. Ya bar iyalinsa wurin mai gadi, ya kama hanyar kaso a ƙasa, gari na biye da shi. Da aka buɗe ƙofa ya durƙusa, da wandonsa na buro, ya ce, "Baba, ka yi muna gahwara. An kawo mini gaisuwa ba ni nan."

Baba ya tashi. Ya fito yana kare ido da hannu. Na ciro rawanin na miƙa masa, ya ture hannuna. Ya kama hanyar gida, magajin gari na biye da shi daga ɗan baya, mu kuma bayansu. Hanyar ta filin buro ta bi, inda kwaɓinmu yake a rufe da tabarmi. Nan magajin gari ya tsaya.

"Baba, wagga ƙasa tawa ta ko?"

Baba ya tsaya bai juyo ba. "Taka ta. In ka so a zubar."

"Ba ni maida kyauta. Buron ga kwano na, da rana ko ni ba ni iya zama ciki. Tsohi kuwa tsoronai suka ji, ba su shiga. Ina son wurin da mai kuka za shi zamna shi hwaɗa mini kukanai hankali kwance. Zaure nika so, nan gaban buro, irin naku."

"Ƙasar yaɓe ta. Sai an yi bango kahin a kai gare ta."

"To a yi bangon."

Baba ya bi filin da kallo. Taron nan duka ya zuba masa ido. Ni kuwa na san abin da ke rataye a bakin tsohon nan: ni, da 'ya'yana, da duk wanda ke tsaye bayana da gatari. Ya ɗan taka gaba, ya dubi gabas, ya dubi inda ruwa ke gangarawa, ya kankari ƙasa da babban yatsan ƙafa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba:

"Ina ƙohwa za ta diba?"

Ku ba ku san wannan ba, don ku takarda ke gaya muku inda ƙofa take. Maginin ƙasa ba ya tambayar inda ƙofa za ta duba sai ya karɓi aiki. Na ji wani a bayana ya ce alhamdu lillahi a hankali. Farin ciki ya kama ni.

Magajin gari ya ce, "Hanya. Kuma kada a sa mata ƙyaure."

"Zauren da ba ƙyaure, awaki za su kwana ciki."

"Su ma 'yan gari na, Baba."

Taro ya kece da dariya, Inna Kulu ta rangaɗa guɗar da ta fi ta jiya, makaɗa suka tuna da gangunansu. Baba bai yi dariya ba. Ya shafa kansa, ya ɗaga ido ya dubi sama kamar yanzu ya lura da ita, ya juyo wajena yana harara.

"Arzika, mi kaka jira? Ba ni abina, rana na dukana."